Layin 988, manhajar makaranta, BetterHelp ko ChatGPT: wanne ya dace da ɗalibi baƙar fata a jami'ar Amurka?

Ɗalibi namiji baƙar fata a jami'ar Amurka, haifaffen Atlanta ne shi ko kuwa da bizar karatu ya je daga Kano, Damagaram ko Kumasi, idan damuwa ta kama shi da wuya ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin masu ba da shawara na makaranta. Wayarsa yake fara ɗauka, yawanci da tsakar dare. Binciken Healthy Minds, wanda ake yi wa ɗaliban jami'o'in ƙasar, ya nuna a wani rahoto na 2018 cewa cikin ɗaliban da ke da alamun matsalar ƙwaƙwalwa, kashi 48 cikin 100 na farar fata sun samu likita ya gano ciwon, amma baƙar fata kashi 21 kacal. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuma ta ce daga 2018 zuwa 2021 yawan masu kashe kansu tsakanin baƙaƙen fata 'yan shekara 10 zuwa 24 ya ƙaru da kusan kashi 37. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin a shekarar karatu ta 2023/24 'yan Najeriya sama da dubu 20 ne ke karatu a can, 'yan Ghana kuma sama da dubu 9, kuma ranar da suka sauka filin jirgi ƙasar ta sa su a layin baƙar fata, sun so ko ba su so ba.

Abubuwan da wayar za ta nuna maka ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake tallarsu duk iri ɗaya ce. Wani na daren da abin ya kai maƙura ne, wani na jinya ce ta watanni, wani kuwa abokin hira ne kawai. Kafin ka zaɓa, auna kanka. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, kyauta take a intanet, minti uku ta ishe ka. Makinta daga 0 zuwa 27 ne: 5 zuwa 9 damuwa ce mara tsanani, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ta fargaba sunanta GAD-7, makinta 0 zuwa 21, ita ma daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci. Wanda ya samu 10 ko fiye, mutum mai lasisi yake buƙata, manhaja ba za ta wadatar ba. Wanda kuma ya amsa tambaya ta tara, mai maganar gara mutuwa ko cutar da kai, da wani abu ban da "ko kaɗan", to a yau zai yi magana da mutum, komai ƙanƙantar jimillar makinsa. Sai dai a lura, takardar tana tambaya ne kan baƙin ciki da kasala, alhali a wurin maza da yawa ciwon da saurin fushi yake fitowa, da rashin barci, da kwana kan wasan bidiyo, da ƙaruwar shan wiwi, da daina zuwa aji. Mai waɗannan alamun kada ƙaramin maki ya ruɗe shi.

Na daren da abin ya yi tsanani

Layi biyu ne manya, dukansu kyauta, dare da rana. Na farko 988, wanda ya fara aiki da wannan lambar a watan Yulin 2022. Ana kira, ana tura saƙon tes, ana kuma rubutu ta shafinsu. Idan ka kira za ka ji saƙon na'ura da Turanci, sai ɗan kiɗa, sannan mai ba da shawara ya ɗauka. Zai tambaye ka kai tsaye ko kana tunanin kashe kanka, ko ka tsara yadda za ka yi, ko abin da za ka yi da shi yana kusa da kai. Tambayar ba tarko ba ce, haka ake yi wa kowa. A kiran murya ana iya haɗa ka da tafinta cikin harsuna sama da 240. Na biyu shi ne Crisis Text Line, rubutu zalla ba kira, ana tura tes zuwa 741741, inda 'yan sa-kai da aka horar ke amsawa ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Gidauniyar Steve Fund, wadda aka kafa a 2014 don matasan da ba farar fata ba, ta haɗa gwiwa da su, don haka ɗalibi baƙar fata zai fara da kalmar STEVE. Wannan ba ya nufin lallai baƙar fata ne zai amsa maka.

Tsoron da ke hana baƙar fata namiji kira sananne ne, kuma yana da dalili: kada a turo 'yan sanda ƙofar ɗakinsa. Hukumar da ke kula da 988 ta ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kiran ne ke kaiwa ga haɗa mutum da jami'an gaggawa, kuma hakan na faruwa idan rai na cikin haɗari nan take, misali mutum ya riga ya sha ƙwayoyi ko makami na hannunsa. Adadin kaɗan ne, amma ba sifili ba ne, saboda haka kana da damar tambaya tun a farkon hirar: a wane hali kuke turo wani, kuma garin nan yana da tawagar ma'aikatan lafiya da ke zuwa ba tare da ɗan sanda ba? Wanda abokin ɗakinsa ke kwance a gado na kusa, tes ya fi masa. Wanda kuwa hannunsa ke rawa, tunani ya cushe, murya ta fi saurin kwantar da shi. Crisis Text Line tana da tabo guda: a farkon 2022 aka bankaɗo tana bai wa wani kamfanin kasuwanci mai suna Loris bayanan hirarraki da aka cire sunaye, ta daina bayan an yi ca a kanta. Ga Musulmi akwai layin Naseeha da ke Kanada, yana karɓar kira daga Amurka, kuma ba sai ka yi wa mai amsawa bayanin mene ne azumi ko haƙƙin iyaye ba.

Duk waɗannan layukan ba jinya suke yi ba. Wanda ya amsa yau ba shi zai amsa gobe ba, ba sa rubuta magani, ba sa ba da takarda. Aikinsu su kai ka safiya.

Abin da kuɗin makarantarka ya riga ya saya

Nan ya kamata mafi yawan ɗalibai su fara, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Jami'o'i da yawa, har da wasu daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fata da ake kira HBCU, sun ɗauki kwangila da kamfanoni irin su TimelyCare, Uwill, Mantra Health ko TELUS Health. Da adireshin imel na makaranta ake shiga, ba a neman katin banki, ba a taɓa inshora. A TimelyCare, alal misali, hidima biyu ce da ɗalibai ke yawan rikitawa. TalkNow ita ce ta "yanzu-yanzu", kowane lokaci, ba iyaka, amma duk wanda ke bakin aiki shi za ka samu. Ɗayar kuwa ganawa ce da ake sa wa rana, wajen minti 45, kai za ka zaɓi mutumin bayan ka ga hotonsa da bayaninsa, kuma ita ce jinya ta gaskiya. Tana da iyaka, yawanci ganawa 6 zuwa 12 a shekara, gwargwadon abin da makarantar ta biya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi ta danna ta yanzu-yanzu duk daren da ransa ya ɓaci, yana maimaita labarinsa daga farko ga sabon mutum, har ya gaji ya ce abin ba ya aiki. Na biyu shi ne cinye ganawar duka kafin tsakiyar zangon farko, sai lokacin jarrabawa da tsananin hunturu su zo ba sauran ko ɗaya. Dabarar ita ce huɗun farko a yi su mako-mako don a kafa tushe, sauran a baza su duk mako biyu, kuma tun a ganawa ta biyu a tambayi mai ba da shawarar ina za a koma idan sun ƙare.

Ofishin shawara na cikin makarantar shi ma yanzu yana ganin ɗalibai ta bidiyo. Ya fi kamfanin kwangila a abu guda mai nauyi: ya san makarantar. Ya san shugaban sashen kula da ɗalibai, ya san ofishin da ke ba da ƙarin lokacin jarrabawa, ya san yadda ake ɗage zango ba tare da maki ya lalace ba. Rauninsa jira ne, musamman daga Oktoba zuwa Disamba, da kuma ƙarancin ma'aikata baƙar fata a makarantun da farar fata suka fi yawa. Idan matsalar ta fara taɓa makinka, ofishin cikin gida za ka nufa ko da za ka jira, ka riƙe na kwangila kafin layi ya zo kanka.

Ganawar bidiyo tana da nata sharuɗɗa da ba a faɗa a talla. Mai ba da shawarar zai fara da tambayar ainihin adireshin da kake zaune a wannan lokacin da lambar wani na kusa da kai, saboda doka da kuma gaggawa. Ɗakin kwanan ɗalibai bangonsa siriri ne, kuma namiji ba zai faɗi abin da ke cinsa ba yana jin motsin abokin ɗaki. Ka kama ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan nazari na laburare tun kwana biyu kafin ranar, ko ka tambayi ofishin shawara, domin da yawansu sun ware ɗaki don irin wannan. Mota a ajiye ma tana yi. Ka sa abin sauraro a kunne, ka jingina wayar daidai fuska, ka kashe sanarwar WhatsApp, kada saƙon gida ya faɗo tsakiyar magana.

BetterHelp da Talkspace, ko neman mutum da kanka

BetterHelp, manhajar kamfani mai haɗa mutum da mai ba da shawara ta intanet, ce ta fi kowa talla, don haka ita ɗalibi ya fi sani. Farashinta yana kaiwa dala 70 zuwa 100 a mako, ana cira duk mako huɗu, wato wajen dala 280 zuwa 400 a dunƙule. Za ka samu ganawa ɗaya a mako ta minti 30 zuwa 45, da damar tura saƙo tsakani. Tana da saurin haɗa ka da mutum, kana iya neman namiji ko wanda ba farar fata ba, kuma sauya shi danna maɓalli ne. Amma bisa ƙa'idar dandalin, masu ba da shawararta ba sa rubuta magani kuma ba sa ba da shaidar gano ciwo a hukumance. Kuɗin kuma yana ci gaba da fita ko ka halarta ko ba ka halarta ba, har sai ka soke da kanka. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin ya miƙa wa Facebook, Snapchat da wasu bayanan masu amfani da shi, har da amsoshin tambayoyin lafiya, don talla. Talkspace ta fi ta shiga tsarin inshora kuma tana da likitocin da ke rubuta magani, don haka mai inshorar makaranta ya fara duba ko tana ciki. A ganinmu, ɗalibin da makarantarsa ke da kwangilar kyauta ba shi da dalilin biyan BetterHelp, sai dai in nasa sun ƙare.

Hanya ta biyu ta fi wahala a makon farko, ta kuma fi daɗewa tana amfani: ka nemo mutum ɗaya mai zaman kansa da ke gani ta bidiyo. Therapy for Black Men kundin sunaye ne da aka buɗe a 2018, ana tacewa da jiha da fanni. Black Men Heal, ƙungiya ce da ta faro daga Philadelphia a shekarar, tana haɗa maza da masu ba da shawara waɗanda ba farar fata ba, ganawa 8 kyauta, sai dai a jihohin da take aiki kawai, kuma ana jira. Open Path ta masu ƙaramin ƙarfi ce: dala 65 sau ɗaya na rajista, sannan kowace ganawa wajen dala 40 zuwa 70, ko 30 idan ɗalibi mai neman ƙwarewa ne zai gan ka, alhali farashin kasuwa ba tare da inshora ba yakan kai 100 zuwa 200. Khalil Center, mai hedikwata a yankin Chicago, tana haɗa ilimin halayyar ɗan'adam da tarbiyyar Musulunci, tana kuma gani ta bidiyo a jihohin da ma'aikatanta ke da lasisi. Ka rubuta wa mutum biyar a rana ɗaya, don wasu ba za su amsa ba, wasu kuma sun cika. Saƙon ya zama gajere: ɗalibi ne kai, ga jiharka, ga inshorarka, ga abin da ke damunka a layi ɗaya, kana neman hirar gwaji ta minti 15, wadda da yawansu ke yi kyauta.

Sai babbar tambaya: dole ne ya zama baƙar fata? Baƙaƙen fata wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne na masanan halayyar ɗan'adam a Amurka, kuma mafi yawansu mata ne. Wanda ya ce sai namiji baƙar fata, a jiharsa, mai karɓar inshorarsa, mai gurbi a wannan watan, zai iya cinye zango guda yana nema. Amfanin dacewar gaskiya ne: ba sai ka ɓata ganawa uku kana tabbatar wa mutum cewa mai gadin shago ya bi ka a baya ba, ko cewa kai kaɗai ne baƙi a ajin injiniya kuma ba wanda ke son haɗa rukuni da kai. Akwai ma abin da ya fi wannan haɗari. Wani bincike na jami'ar Rutgers a 2019 ya nuna an fi yi wa baƙaƙen fata masu tsananin ciwon damuwa kuskuren cewa ciwon schizophrenia ne da su, mai sa jin muryoyi da zargi mara tushe, wato a ɗauki taka-tsantsan ɗin da rayuwa ta koya wa mutum a matsayin zargi na rashin lafiya. Kuskure irin wannan magani daban yake jawowa.

Duk da haka launin fata ba ya ba da tabbas, musamman ga namu. Ba'amurke baƙar fata da ya tashi a Detroit ya san wariya ciki da waje, amma ba lallai ya gane nauyin da ke kan yaron da aka sayar da gona aka tura shi karatu ba, wanda ƙannensa ke jiran kuɗin makaranta daga ɗan aikin da yake yi a ɗakin cin abinci, wanda kuma ba zai iya ce wa mahaifinsa "Baba, na kasa" ba. Idan mai ba da shawara ya fara da cewa ka ja layi tsakaninka da iyayenka, ka rage kiran gida, ka san bai fahimci inda ka fito ba. Don haka a hirar gwajin ka yi tambaya uku. Ka taɓa aiki da maza baƙar fata, da kuma 'yan Afirka da suka zo karatu? Idan na kawo maganar wariya ko ta addini, yaya kake tafiyar da ita? Wace hanya kake bi, kuma yaushe za mu duba ko ana samun sauƙi? Wanda ya ce shi ba ya ganin launi, ka yi masa godiya ka nemi wani. Wanda ya amsa ba tare da kame-kame ba, ko wane launi ne shi, ka ba shi ganawa uku zuwa huɗu, ka sake cika PHQ-9 duk mako biyu. Idan bayan mako shida zuwa takwas makin bai motsa ba, ka faɗa masa, a sauya hanya ko a sauya mutum.

Zauren 'yan'uwa

Akwai maza da yawa da ba za su fara da likita ba, amma za su zauna inda wasu maza ke magana. A kan wannan Farfesa Daphne Watkins ta jami'ar Michigan ta gina shirin YBMen a 2014: rufaffen zaure a kafar sada zumunta, na 'yan makonni, inda ake saka guntun waƙa, labarin ɗan wasa ko wani abu da ke tashe, a tambayi samari ra'ayinsu kan mazantaka, damuwa da wanda suke jingina da shi. Mutum yana magana kan ɗan wasan, a hankali sai ya tsinci kansa yana magana kan kansa. Sakamakon farko ya nuna raguwar alamun damuwa, amma mahalartan kaɗan ne, kuma sai makarantarka ta shiga shirin za ka samu. King's Corner na Black Men Heal taro ne na bidiyo duk mako, kyauta, ba ya buƙatar lasisin jiha tunda ba jinya ba ce. Togetherall kuwa dandalin rubutu ne na intanet, ba a sa suna, ƙwararru na sa ido dare da rana, amma na kowa da kowa ne, ba na baƙar fata kaɗai ba. Waɗannan sun fi zauren WhatsApp ko Discord na abokai nesa ba kusa ba, domin can ba mai lura idan wani ya rubuta kalaman bankwana, kuma abin da ka faɗa da dare ana iya ɗaukar hotonsa ya zaga kafin asuba. Ga mai kaɗaici da maki ƙasa da 10, zaure na iya wadatarwa. Ga wanda ya haura haka, ƙari ne a kan jinya.

Manhajojin taimakon kai da ƙirƙirarriyar basira

Nan ba sai an daɗe ba. Wani bincike na 2019 da ya bi manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 ya gano bayan kwana 30 wajen kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka sauke su ne kawai ke buɗewa. Suna amfani idan matsalar guda ce kuma sananniya. Mai rashin barci ya sauke Insomnia Coach, mai firgita bayan wani mummunan abu ya sauke PTSD Coach, dukansu na ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ne, kyauta ga kowa, ba talla. Headspace, manhajar natsuwa da barci, tana da farashin ɗalibai na wajen dala 10 a shekara. Kafin ka zuba sirrinka a kowace, ka sani a 2022 gidauniyar Mozilla ta duba manhajoji 32 na lafiyar ƙwaƙwalwa da na addu'a, ta yi wa 28 tambarin gargaɗi kan sirri. Kuma manhaja na iya rufewa: Woebot, manhajar hira da na'ura wadda ta fi yawancinsu hujjar bincike, ta daina aiki a ƙarshen Yunin 2025.

ChatGPT da ire-irensa su ne ɗalibai da yawa ke kai wa kukansu yanzu, don ba kunya, ba kuɗi, ba jira. Suna da amfani wajen tsara abin da za ka faɗa wa likita, ko rubuta wa malami saƙon neman ƙarin lokaci. Masu kare su sukan kawo gwajin Therabot na jami'ar Dartmouth da aka wallafa a Maris 2025, inda mutum 210 suka shiga gwajin, kuma masu ciwon damuwa da suka yi amfani da shi daga cikinsu alamunsu suka ragu da wajen rabi. Amma wancan an gina shi ne musamman don jinya, kuma masu binciken suna karanta hirarrakin, suna shiga idan sun ga haɗari. Na wayarka ba mai karantawa. Ya kuma fi karkata ga gaskata ka: ka ce duk ajin sun haɗa maka kai, zai taya ka tara hujja. Wannan mummunan abu ne a shekarun 18 zuwa 25, lokacin da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana, balle ga mai shan wiwi mai ƙarfi irin ta can. Jin muryoyi, kwana uku ba barci kuma ba gajiya, ko yaƙinin ana bibiyar ka, na likita ne ido da ido a wannan makon. Idan a gida an ce sammu ne ko iska, a yi addu'a da ruƙiyya, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Shugaban OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiro ChatGPT, Sam Altman, da bakinsa ya ce a 2025 hirar da ake yi da ChatGPT ba ta da kariyar sirri a shari'a irin ta likita da majiyyaci, kuma a watan Agustan shekarar jihar Illinois ta haramta barin na'ura ta yi wa mutum jinyar ƙwaƙwalwa ita kaɗai.

Inda abin ke lalacewa ko da an zaɓi daidai

Lasisi na jiha ne, kuma jihar da kake zaune a lokacin ganawar ake dubawa, ba inda makarantarka take ba. Ɗalibin jami'ar Howard da ke birnin Washington da ya tafi Texas aikin hutun bazara zai iya rasa mai ba shi shawara na wata uku. Masanan halayya masu digirin dakta suna da yarjejeniyar PSYPACT da ta haɗa jihohi wajen 40, kamfanonin kwangila kuma suna da ma'aikata a kowace jiha, sai dai sabon mutum za su ba ka. Wanda zai zo gida Najeriya ko Nijar hutu, yawanci ba za a gan shi ba sam, kuma 988 ba ya shiga daga layin MTN ko Airtel. A yi wannan maganar wata guda kafin tafiya.

Mai bizar karatu ta F-1 yana da wani tarko na daban. Dole ɗalibin digirin farko ya riƙe aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin yawan kwasa-kwasai, a zango. Idan ciwo ya sa dole ya rage, doka ta yarda har tsawon wata 12 a matakin digiri guda, amma da sharaɗi biyu: jami'in ɗalibai 'yan waje, wanda ake kira DSO, ya amince kafin a ajiye kwas ɗin, kuma takardar ta fito daga likita, likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayya mai lasisi. Yawancin masu ba da shawara a manhajoji digiri na biyu gare su, masu lasisin ba da shawara (LPC) ko na aikin jin daɗin jama'a (LCSW), kuma sa hannunsu kaɗai ba ya cika wannan sharaɗin. Wanda ya ajiye kwas da kansa yana jiran takarda daga manhaja zai iya wayar gari bizarsa ta lalace. Ganin mai ba da shawara shi kansa ba a shigar da shi rajistar shige da fice, kuma ofishin ba ya gaya wa malamai ko iyaye, sai in rai na cikin haɗari. Wanda kuma ke kan inshorar iyayensa a Amurka, abin da doka ta yarda har shekara 26, ya sani kamfanin yakan aika wa mai inshorar takardar bayanin abin da aka biya. Hidimar kyauta ta makaranta ba ta haifar da wannan takardar.

Sai magani. Magungunan damuwa irin su sertraline da escitalopram suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, kuma a makonnin farko suna iya kawo tashin zuciya da rashin natsuwa. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 akwai gargaɗi a jikin kwalin cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a farkon sha ko idan an sauya adadi, shi ya sa duk likitan bidiyo da ya rubuta maka bai sa ranar sake ganinka cikin mako biyu zuwa huɗu ba, bai yi aikinsa ba. Suna iya rage sha'awa ko jinkirta inzali, kuma wannan ne ke sa maza da yawa su watsar da shi shiru. Ka faɗa, akwai wasu da ba su cika yin haka ba. Daina sha farat ɗaya yana kawo jiri da wani jin kamar wutar lantarki a kai. Kamfanonin kwangila irin su TimelyCare ba sa rubuta magungunan da doka ta tsaurara irin su Adderall ko Xanax, sai an je asibitin makaranta. Idan azumi ya gabato, likita ne zai mayar da lokacin shan zuwa sahur ko buɗa-baki, musamman ga mai shan maganin ƙwaƙwalwa na lithium, wanda ƙishirwa ke sa ya taru a jini. Mai tafiya gida kuma ya nemi a rubuta masa na kwana 90 tun da wuri, don inshora kan buƙaci izini na musamman kafin ta biya, ya bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu ta asali mai sunansa, ya sa su a jakar hannu tare da takardar likita.